Neman likitan zuciya a ƙasar mutane: amsa ga wani ɗan Tudun Wada da ke Manchesta

Ga tambayar kamar yadda ta iso ni: "Likita, barka da aiki. Ni mutumin Tudun Wada ne, shekaruna 54. Wata biyar ke nan da na bi iyalina Manchesta, ita ma'aikaciyar jinya ce. Ina fama da hawan jini shekara tara, kuma kafin mu taso an yi min hoton zuciya a Kaduna aka ce ta ɗan buɗe. Yanzu in na hau bene sai haki, ƙafafuna kuma kan kumbura da yamma. 'Yan'uwa a nan kowa da tasa shawarar, wani ya ce in je Landan in biya kuɗi, wani ya ce Indiya ta fi. Wane likita ne ya fi, kuma wane asibiti? Ƙanina da ke Jidda shi ma yana son sani. Nan da shekara uku nake fatan dawowa gida."

Malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Kafin a zo ga wane likita ya fi, bari in fara da abin da ya tsaya min a rai. Haki a kan bene da kumburin ƙafa, ga mutumin da aka taɓa ce wa zuciyarsa ta buɗe, ba ya jiran a gama muhawara a zauren WhatsApp. Cikin makon nan ka ga likita. In kuwa ta kai ba ka iya kwanciya sai ka tara filo uku, ko numfashi ya tashe ka tsakar dare, ko ƙirji ya danne ka kamar an aza maka buhun masara ya ƙi saki, ko ka yanke jiki ka faɗi, to 999, lambar kiran gaggawa ta can, za a kira nan take. Kada uwargida ta ce bari ta tuƙa ka da kanta. Mu a nan mun saba a tura mara lafiya cikin motar maƙwabci ko Keke, don ba mu da wata dabara. A can ma'aikatan motar asibiti za su yi maka ECG, wato gwajin zanen bugun zuciya, a tsakar falonka, in suka ga babbar jijiya ce ta toshe su wuce asibitin da ke kusa su kai ka kai tsaye inda ake buɗe jijiya dare da rana, kuma kafin ku isa an shirya ɗaki. Abin da ake nema shi ne a buɗe ta cikin minti 120 daga lokacin da aka gano. Wanda ya kai kansa asibitin unguwa yakan ɓata rabin wannan lokacin a kan benci. Mai amsa wayar zai iya cewa ka tauna asfirin mai miligiram 300 in jikinka bai ƙi shi ba, don haka a ajiye shi inda kowa a gidan ya sani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, yanzu ƙofar shiga. A Kaduna in kana da kuɗi ko kana da wanda ka sani, sai ka tsallake kowa ka zauna gaban babban likita. Ba a kwana biyu ba a shigo min da wani ana cewa "baban wane ne, don Allah a duba shi" ba. Ingila ba ta tafiya a haka. Hanyar likitan zuciya a tsarin lafiya na gwamnati, wato NHS, ta kan likitan unguwa take bi, wanda suke kira GP, shi zai rubuta takardar turawa. Rajista da shi kyauta ce, kuma a ƙa'ida ba a hana mutum don ba shi da shaidar adireshi ko takardar zama. Tunda matarka da bizar ma'aikatan lafiya ta shiga, ku an ɗauke muku harajin lafiyar da sauran baƙi ke biya, wanda tun 2024 ya koma fam 1,035 a shekara ga babban mutum. Ganin ƙwararren likita, hoto da aiki duk ba za ka biya ba. In har yanzu ba ka yi rajistar ba, aikinka na gobe da safe ke nan.

Sai dai GP minti goma yake ba mutum, kuma a nan mutanenmu ke faɗuwa. Lokacin da nake karatun ƙwarewa a can an taɓa kira na in taimaka da wani dattijo Bahaushe. Ɗansa ke masa tafinta. Dattijon ya ce zuciyarsa na tashi, yaron ya juya ta kalma da kalma zuwa Turanci, likitan ya rubuta bugun zuciya da sauri, aka maƙala masa na'urar ɗaukar bugu ta kwana guda. Alhali amai yake ji, daga wani sabon magani da aka ba shi. Hausa ta ɗora wa zuciya kaya da yawa: tashin zuciya na ciki ne, ɓacin zuciya na rai ne, faɗuwar gaba kuwa tana iya zama tsoro, tana iya zama bugun da ya rikice. Ciwon ƙirji kuma kowa ya riga ya raɗa masa suna olsa tun daga gida. Kada ka kai wa likita sunan ciwo. Kai masa abin da ya faru: da can ina hawa bene biyu ban tsaya ba, yanzu a matakala ta takwas nake tsayawa, takalmin da na zo da shi ba ya shiga da yamma, nauyina ya ƙaru da kilo uku cikin sati biyu. Rubuta shi a takarda tun daga gida. In Turancin asibiti na ba ka wuya, ka nemi tafinta tun lokacin da kake karɓar rana, kyauta ne. Hakan ya fi maka a kan a sa yaro ya fassara maganar da uba ba zai iya yi a gabansa ba. Kuma ka bar al'adar nan ta "da sauƙi, alhamdulillahi" a bakin ƙofa. Godiya ga Allah tana nan daram, amma Bature in ka ce da sauƙi rubutawa zai yi, ya sallame ka.

Akwai gwajin jini guda da nake so ka riƙe sunansa, NT-proBNP. Shi ke nuna ko zuciya na shan wahalar turo jini, kuma a Ingila shi ne ke yanke saurin da za a gan ka. In ya haura 2,000, ƙa'idarsu ita ce ƙwararre ya gan ka a kuma yi hoton zuciya da ake kira eko cikin sati biyu. In yana tsakanin 400 da 2,000, cikin sati shida. Ga wani abu da ba kowane GP ke tunawa ba, ko da yake yana rubuce a ƙa'idar tasu: ƙiba, da zama ɗan asalin Afirka, da shan maganin fitsari ko wasu magungunan hawan jini, duk suna iya sa lambar ta sauka ƙasa da yadda ciwon yake. Shi ya sa takardar hoton da aka yi maka a Kaduna take da daraja. Ɗora ta a kan tebur. Lamba mai ɗan dama-dama tare da tsohon hoto da ya nuna zuciya ta buɗe, magana ce daban da lambar ita kaɗai. Ta wani gefen kuma, in amlodipine kake sha don hawan jinin, shi kansa yana kumbura ƙafa ba tare da zuciya ta yi laifin komai ba. Kada ka daina shi da kanka, faɗa kawai.

Mu zo kan "wane likita ya fi". Ko a Panteka ba a tambayar wane makaniki ya fi, sai an ce me ya lalace. Zuciya tana da famfo, wato jijiyoyin da ke ciyar da ita, kuma akwai likitocin da aikinsu zura waya ta hannu ko cinya su buɗe su, su sa ɗan ƙarfen da ke tokare jijiya. Tana da wayarin, masu shi su ne ke gyara bugun da ya rikice, su dasa batiri. Tana da bawul guda huɗu. Tana da tsoka, injin kansa, kuma akwai waɗanda suka ƙware a raunin wannan tsokar. Mai fiɗa kuma daban yake da duk waɗannan, ta fannin tiyata ya taso. Daga abin da ka bayyana, hawan jini na shekaru da zuciyar da ta buɗe, kai mai tsoka kake buƙata. Shahararren mai buɗe jijiya da ake yi wa layi a Landan zai iya zama gwani na gaske kuma bai dace da kai ba. Ciwo irin wanda nake zato ba a hannun mutum ɗaya ake jinyarsa ba ma. Mafi yawan aikin ma'aikatan jinya ne na musamman, waɗanda za su riƙa kiran ka duk bayan sati biyu ko uku, su ƙara magani kaɗan-kaɗan, su duba ƙoda da gishirin jini. Babban likitan wataƙila sau biyu za ka gan shi a shekara. Don haka tambayar da za ka yi ita ce ko asibitin na da irin wannan tawagar, kuma wace lamba za ka kira ranar da ƙafa ta ƙara kumbura. Asibitin da ke nisan bas ɗaya da gidanka, in yana da wannan, ya fi maka wanda sai ka hau jirgin ƙasa na awa biyu. Manchesta ma ba ƙauye ba ce a wannan fanni: Manchester Royal Infirmary da Wythenshawe manyan cibiyoyin zuciya ne, a Wythenshawe har dashen zuciya ake yi. A Ingila kana da ikon zaɓar asibitin da za a tura ka ganin farko in ba gaggawa ba ce, sai ka tambayi GP tsawon layin kowanne. Alƙawarin hukuma shi ne fara magani cikin sati 18, amma an shekara da shekaru ba a cika shi yadda aka tsara ba.

Tantance likita abu ne na minti biyar. Hukumar GMC mai ba likitoci lasisi, takwarar MDCN tamu ta Najeriya, tana da rajista a intanet da kowa ke iya dubawa kyauta. Sa sunansa, ka ga ko yana cikin jerin ƙwararru, a wane fanni, kuma ko an taɓa gindaya masa sharaɗi. Asibitocin Ingila kuma hukumar CQC ke duba su ta ba su daraja hawa huɗu, amma ka karanta abin da aka ce game da sashen da ya shafe ka, don babban asibiti kamar gari ne, wata unguwa tsaf wata kaca-kaca. Taurarin da marasa lafiya ke bayarwa a Google ban cika ba su nauyi ba. Sukan nuna fara'ar mai karɓar baƙi da wahalar samun wurin ajiye mota. In maganar aiki ta taso, abin da ke da ma'ana shi ne yawa: sau nawa suke yin irin wannan aikin a shekara, shi kuma likitan da kansa sau nawa. Tambaya ce da ake yi a can ba tare da an ɗauke ta raini ba, kuma wanda ya fusata da ita ya riga ya ba ka amsa. Adadin mace-mace kuwa a karanta shi da hankali, domin asibitin da ake tura wa waɗanda kowa ya gudu dole lambarsa ta fi muni in ba a yi la'akari da nauyin ciwon ba.

Batun biyan kuɗi a Landan. Sau da yawa likitan da za ka biya ka gani da yamma shi ne wanda ke zaune a asibitin gwamnati da safe. Abin da kuɗinka ke saya lokaci ne da kujera mai laushi. In layi ya yi tsawo kuma hankalinka bai kwanta ba, babu laifi ka biya ganin farko, a Manchesta ma akwai, ka karɓi takarda ka koma NHS da ita. Ka dai sani kuɗin ganin likita somin-taɓi ne, kowane hoto da gwaji da nasa lissafin. Kuma ƙananan asibitocin kuɗi da yawa in mara lafiya ya rikice da dare, asibitin gwamnati suke mayar da shi.

Inda ake biyan likita bisa yawan aikin da ya yi, a kowace ƙasa, sai an yi hattara da saurin sa ƙarfe a jijiya. Ga wanda jijiyarsa ta toshe yanzu-yanzu, wannan ƙarfen ceton rai ne, babu ja. Ga wanda ciwonsa ke zaune lafiya, yana zuwa da tafiya ya tafi da hutu, wani babban bincike mai suna ISCHEMIA da aka buga a 2020, kan mutum sama da 5,000, ya nuna garzayawa aiki bai rage mutuwa ba a kan fara magani mai kyau, ko da yake yana rage ciwon ƙirji. Saboda haka in an ce maka "gobe za mu sa", alhali da ƙafarka ka shigo, tambayi abin da zai faru in aka jira wata guda, sannan ka nemi a ba ka hoton ka nuna wa wani. Indiya tana da likitocin zuciya na gaske, haka Masar, cibiyar Magdi Yacoub da ke Aswan ma ta isa misali. Matsalar tana wurin 'yan kamasho, masu jiran mutum tun daga filin jirgi, waɗanda asibitin da ya fi ba su kaso shi ne "na ɗaya". Tambarin JCI ko NABH da ake liƙawa a bango yana shaidar tsari da tsafta, bai auna hannun mai fiɗa ba. Kai da ke da NHS a hannu kuma ciwonka na bibiya ne na shekaru, ban ga abin da zai kai ka can ba.

Abin da na fi so ka auna likita da shi ba ya cikin kowace rajista. Na farko, ya san jikin da ke gabansa? Hawan jinin baƙar fata yakan fi jin amlodipine da maganin fitsari fiye da dangin lisinopril su kaɗai, kuma dangin lisinopril sun fi kumbura mana leɓe da harshe, shi ya sa ƙa'idar Ingila ta fi son dangin losartan gare mu. Binciken CREOLE na 2019, wanda Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jini. Amma in aka tabbatar tsokar zuciya ta yi rauni, lissafin ya canza: nan ana buƙatar dangin lisinopril ko na losartan, ko sabon da ya gaje su, tare da wasu iri uku, wani lokacin a ƙara hydralazine da nitrate da aka ga suna taimakon baƙar fata musamman. Akwai kuma wani ciwon gado da ke sa wani sinadari ya taru a tsokar zuciya ta yi kauri, asalinsa Afirka ta Yamma, kusan mutum 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen Amurka na ɗauke da ƙwayarsa, yakan bayyana bayan shekara 60, kuma sau da yawa a ɗora wa hawan jini laifinsa. Likitan da ya yi aiki a unguwannin da baƙi suka yi yawa ya san waɗannan. Ga mata kuma, ciwon zuciyar bayan haihuwa ciwonmu ne, a Zariya Davidson da Parry suka yi fitaccen nazarinsa a shekarun 1970, lokacin da suka alaƙanta shi da wankan jego, gadon wuta da kunun kanwa. Duk 'yarmu da ta haihu a waje ta fara haki da kumburi, kada a ce gajiyar jego ce.

Kai ma da naka nauyin. Faɗa wa likitan gaskiyar abin da ke shiga bakinka: yajin da aka aiko daga gida rabinsa magi, kilishi, kanwa a miyar kuka, goro, zoɓo, jiƙon da Hajiya ta ƙulla a jaka, da diclofenac ko ibuprofen na ciwon gwiwa, waɗanda ke riƙe ruwa a jiki su wahalar da ƙoda. Kafin azumi ka zauna da shi kan lokutan magani, musamman na fitsari. Wanda ya saurara ya gyara maka jadawali, riƙe shi.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan doguwar amsa: ya tambaye ka ina za ka ƙare? Ka ce shekara uku za ka dawo. Wannan jimlar ta kamata ta shiga fayil ɗinka tun ranar farko.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa, ba ta kai talatin ba. Ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya cinye mata bawul, dangi suka yi karo-karo aka fitar da ita waje aka sa mata na ƙarfe. Aikin ya yi kyau, ban ga abin kushewa a ɗinkin ba. Ranar da ta zo wurina an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ɗakin ya yi tsit, ina jin bawul ɗin daga inda nake zaune, ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon hannu. Bawul na ƙarfe yana daɗewa, amma sai da wafarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rai, wafarin kuma sai da gwajin INR mai auna yadda jini ya tsinke a kai a kai, in ya yi ƙasa jini ya daskare a kan ƙarfen, in ya yi sama mutum ya yi ta zubar jini. Ita kuwa ƙauyensu tafiyar awa uku ce daga inda ake gwajin. Ta ciro takardar sallama daga leda, shafi ɗaya, an naɗe ta har ta fara yagewa a kan layi. Wata bakwai rabonta da gwaji, ga cikin wata biyu, wafarin kuma yana iya illata ɗan tayi a farkon ciki. Ba wanda ya tambaye ta inda take zaune ko tana son haihuwa. Da an tambaya, da an tattauna gyaran bawul ɗinta, ko sa na nama wanda ba ya daɗewa kamar na ƙarfe amma ba ya ɗaure mutum da wafarin. Wataƙila a ƙarshe na ƙarfen za a zaɓa, amma da saninta. Sababbin magungunan tsinka jini irin su apixaban, da ba su buƙatar gwaji, ba sa aiki ga bawul na ƙarfe.

Haka batirin zuciya. Kowane kamfani, Medtronic ko Abbott ko Boston Scientific ko Biotronik, da na'urarsa ta dubawa, ta wani ba ta saita na wani. Na ga dattijon da ya dawo da batiri a ƙirji babu kati, bai san ma sunan kamfanin ba. In aka zo maganar dasa maka, ka tuntuɓi likitan da zai karɓe ka a gida, a Barau Dikko ne ko Shika ko Kano ko Abuja, a ji wace na'ura ake iya samu kafin a zaɓa. Ƙarfen jijiya kuma yana zuwa da magani biyu na hana daskarewar jini, galibi wata shida zuwa shekara, kuma yanke su da wuri na iya toshe shi lokaci guda. Magungunan raunin zuciya na zamani irin su Entresto da dapagliflozin suna da kyau ƙwarai, ka sha su in an ba ka. Amma a can kuɗin takardar magani ƙayyadadde ne, a nan kuwa daga aljihunka ne duk wata, da farashin da ke bin dala. Wata shida kafin ka taso ku zauna da likitan ku tsara abin da za ka koma kai in wani ya gagara, hakan ya fi maka a kan ka zo ka riƙa shan rabin ƙwaya don kwali ya kai ƙarshen wata.

Ƙaninka na Jidda: tasa ƙofar inshorar da kafili ya yanka masa ce, sai ya fara duba ajinta da asibitocin da ke cikinta. Hukumar SCFHS ke ba likitoci lasisi da matsayi, kuma akwai bambanci tsakanin istishari, wato babban ƙwararre, da akhissa'i da ke ƙasa da shi. Asibitoci kuma CBAHI ke tantance su. Motar asibiti 997, shawarar ma'aikatar lafiya 937. A can ana iya ganin ƙwararre da wuri, don haka gargaɗin da na yi kan saurin aiki ya fi shafar sa. Ya tuna kuma inshorar da aikin take tafiya, ranar da kwantiragi ya ƙare ita ma ta ƙare. Wanda ke Amurka kuwa tambayarsa ta farko ita ce ko likitan da asibitin duka biyu suna cikin da'irar inshorarsa, sannan ya duba ko likitan na da shaidar ƙwarewa ta hukumar ABIM.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma na san zai zo. Ranar da za ku gayyato Hajiya ko Baba ziyara, su baƙi ne, ba sa cikin abin da ya rufe ku. GP da ɗakin gaggawa kyauta ne, amma da zarar an kwantar da su lissafi ya fara, a kan kashi 150 cikin 100 na farashin NHS, kuma bashin fam 500 ko fiye da aka bari ba a biya ba yana iya hana biza nan gaba. A yanka musu inshorar tafiya, a kuma faɗi ciwon da suke da shi tun farko, don wanda aka ɓoye shi ne kamfani zai ƙi biya.

Takardu kuwa ka fara tarawa daga yau, a fayil ɗaya da kuma a waya. Kowace wasiƙar da ƙwararre ya rubuta wa GP kana da haƙƙin kwafinta, yawanci ma za ka gan ta a manhajar NHS. ECG ka ajiye takardar mai zane kanta, don mu zanen muke kwatantawa da sabo. Hoton eko da na jijiyoyi ka nemi a saka maka su a faifai ko a turo, rahoto kaɗai ba ya isa. Magunguna ka rubuta sunansu na asali da ƙarfinsu, sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. In an yi maka ekon can, nemi lambar da ake kira EF, kason jinin da zuciya ke turowa a kowane bugu: 55 zuwa sama lafiya, 40 zuwa ƙasa rauni ne da ke buƙatar magungunan nan huɗu. Turo min ita tare da ta Kaduna da sakamakon NT-proBNP da na ƙoda, in ga ko tafiyar gaba ake yi ko baya. A gaida uwargida da yara.